Makullin Gajimare

Babana Nevzat ɓaure yake sayarwa,
busasshe, a Izmir, bayan tashar jiragen ruwa.
Shekara talatin da huɗu littafi ɗaya ya riƙe,
mai bangon fata, mai ƙamshin zuma da taba,
har ran da ƙanena Tuncay ya gama karatu
ya ce, "Baba, a kai lissafin nan gajimare."

Baba ya leƙa taga.
Ya ce, "Wanne daga ciki? Wancan ai tafiya yake yi."

Muka yi dariya, muka kai.
Sunan kowane manomi daga Aydin,
kwando nawa ya kawo, nawa ya ruɓe a hanya,
bashin Perihan da ya shekara tara bai motsa ba,
duk muka zuba a rumbun da ba mu san ƙofarsa ba.
Wasu suka ce yana Frankfurt, wasu suka ce Dublin.
Kowane ɗaya ga wata sai a zare kuɗin haya,
Baba ya ja tsaki:
"Ɗakin da ban taɓa sharewa ba, shi nake biya."

Amma ido ya saba.
Da asuba, shayi na huci a ƙaramin kofin gilashi,
sai ya tarar an yi oda daga Hamburg cikin dare.
"Kun gani? Kasuwa na ci, ni ina minshari."

Wata Talata allon ya yi fari fat.
Awa biyar, motoci uku a bakin ƙofa,
direbobi na zagi, Tuncay na gumi,
Baba ya lumshe ido ya karanto nauyin kowane buhu da ka.
Sati guda yana yi mana gori.
Da bututu ya fashe a rufi kuwa,
littafin fata ya koma kunu,
gajimare ko ɗigo bai taɓa shi ba,
sai bai ce uffan ba.
Ya fita ya sayo mana baklava.

Ya rasu ana tsakiyar tsinkar ɓaure.

Kwana goma bayan nan na zauna a kujerarsa.
Allon ya ce an aika lamba shida
zuwa wayar mai asusu.
Wayar na cikin aljihun tebur, ita da tabarau da carbi.
Na sa ta caji. Ta farka.
Ta ce a ɗora babban yatsa.

Yatsan na can gangaren tsauni, ƙarƙashin ƙasa.

Na kira kamfanin.
Bayan kiɗan jira na minti arba'in
wata Ilinca ta ɗauka daga Bucharest.
Ta yi min ta'aziyya, ina jin daga takarda take karantowa,
sai ta yi shiru,
ta ce, "Nawa ma bara ne. Har yau ina biya wa layinsa."
Ta ce in turo takardar rasuwa, da hatimi, da haƙuri.

Kwana tara manoma na zuwa karɓar kuɗi,
ina ba su shayi da "gobe".

Ran da aka buɗe, komai na nan daram,
ba ƙura, ba ƙamshin taba.
Na gangara zuwa sunan Perihan don in rubuta mata,
sai ga ɗan layi a gefe, ba waƙafi, ba aya,
irin rubutun mai danna harafi da yatsa ɗaya:
"kada a tambaye ta mijinta ya ɗauke ni lokacin da ba ni da ko sisi"

Ban san ya iya ajiye magana a wurin ba.

Yanzu ni ke biyan hayar.
Na sa lambata da ta Tuncay, makulli biyu.
Wani lokaci nakan leƙa tagar,
in ga wani fari yana ƙetare teku a hankali,
in ce, ko wancan ne.